Wutar da Ta Mutu a Bayan Dakusa

Damagaram, unguwar Zango
Bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga ƴata Raudatu, a Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan da kike zaune. Mu nan ga yadda muke. Hajja kakarki ta kai azumi duka, amma tansiyo, hawan jinin nan, ta tashi mata bayan salla. An kai ta likita an ƙara mata ƙwaya, yanzu tana cin abinci tana faɗa da kowa, ke nan ta samu sauƙi. Farida matar yayanki lafiya lau. Ƴarsu A'isha haƙori take fitarwa, zawo ya tsaya amma kukan bai tsaya ba. Kawunki Ibrahim na Tirmini ƙafar nan ce dai, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ni ba abin da ke damuna sai ido in na daɗe a kan takarda, sai kuma ke.

Na san za ki ce don me ban kira ki ta tarho ba. In na ɗaga murya a tsakar gida, Zuliha maƙwabciyata tana ji ta bayan katanga, kuma an ce akwai wasu masu ji waɗanda ba mu gani. Da furfura a kaina na je lakkol ta manya na koyi karatu da riƙe bik ina rubutu, to bari in ci amfaninsa. Alhaji Alkasum mai atamfa, mutumin Kano da ke da shago a nan Zango, shi zai kawo miki wannan, shi kuma za ki ba amsa.

Yayanki ya zo salla daga wurin aikinsa, fuskarsa ba daɗi. Sai da muka keɓe ya gaya mini kin yi ta kiransa kina tambayarsa maganar tashar bututun man da yake gadi a bayan Dakusa, har ya toshe lambarki. Ya ce shef ɗinsu, shugaban masu gadin, ya tara su ya ce duk gardin cikinsu da ya yi maganar tashar da mutumin waje, korarsa za a yi, a kuma miƙa shi ga jandarmomi. Raudatu, kin san daɗewar da ya yi yana yawo da takardunsa daga biron wannan ma'aikata zuwa biron waccan kafin ya samu wannan aikin. Da shi ake sayen ƙwayar Hajja. Me kike nema a wurinsa?

Ban da wannan yana lafiya, har ya yi ƙiba. Kin tuna yakan yi kukan wutar nan da ke ci dare da rana a kan dogon ƙarfe, mai hana su barci da haske da ruri, ga ƙwari da take tarawa? To ta mutu tun cikin azumi. Ya ce da alama masu aikin sun gyara abin da ke sa ta ci, yanzu suna barci kamar mutane. Na gode wa Allah, don kullum ina tsoron kada tartsatsi ya faɗo musu.

Abu na ƙarshe. In mata suka tambaye ni aikinki, nakan ce kina duba hoton ƙasa daga sama. Shekaranjiya wajen suna wata ta ce, “Tana duba wa wa?” Na yi kamar ban ji ba, na juya ina neman takalmina. Ban son in sake neman takalmi a gaban mutane. Ki rubuto mini a fili, da manyan baƙaƙe, abin da kike dubawa da wanda kike duba wa.

Na sa miki kilishi da garin yaji a cikin ƙunshin. Kilishin ba na rabawa ba ne.

Mahaifiyarki,
Wasila

*

Kano

Zuwa ga Inna.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da ƙunshin, na gode, Allah ya ƙara girma. Ina lafiya. Ki gaishe da Hajja, ki ce mata ta rage gishiri ko da ba ta rage faɗa ba. Ki gaishe da Farida, ki shafa mini kan A'isha.

Ga aikina, Inna. Akwai wata iska da ake kira metan, tana fitowa tare da mai daga ƙarƙashin ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kike ji in butel ɗin gaz ɗinki yana yoyo, sa shi aka yi da gangan don a gane. Ita metan in ta tsere ta hau sama tana riƙe zafin rana, tana cikin abin da ke ƙara mana zafi shekara bayan shekara. Kuma asara ce, don abin girki ne da na lantarki ake zubarwa a banza.

Satelit ɗin da muke aiki da shi, wato tauraron ɗan'adam, yana wucewa ta kanmu wajen azahar. Ba fuskar mutane yake ɗauka ba. Hasken rana da ya bugi ƙasa ya koma sama yake aunawa, kuma inda metan take, tana shanye wani ɓangare na hasken, sai mu ga wurin ya bambanta. Idonsa ba kaifi. Ɗigo guda a hotonsa zai haɗiye Zango da Birni gaba ɗaya, don haka ba ya ganin Hajja a kan tabarma, balle Zuliha a bayan katanga. Abin da muke gani shi ne wutsiya kamar ta hayaƙi. Don mu san daga ina ta taso da yawan abin da ke fita, sai mun san inda iska ta nufa a ranar da ƙarfinta.

Wa nake duba wa? Muna wani rukuni ne a jami'a, akwai ƴan Nijeriya, da ƴan Chadi, da mu ƴan Nijar. Hotunan a buɗe suke, kowa na iya sauke su. Abin da muka gano muna aika wa ma'aikatar da abin ya shafa a kowace ƙasa. Kuɗin aikin daga waje yake zuwa, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu ni ma ina da tambaya, kuma ina roƙonki ki amsa mini ita daidai. Maganar wutar nan da ta mutu, har yanzu a mace take? Tashar da Yaya Mahamud yake gadi, ita ce ta gabas da gudron, wato hanyar kwalta, ko ta yamma? Ina yake kwana, a kan tudu ko a ƙasa cikin kwari, kuma ina suke hura wutar shayinsu? In ya zo hutu ki ja shi da hira ki ji ko iska tana kwanciya a wurin da safe.

Ba zan iya rubuta dalili a nan ba. A iyaka ana kwance kaya ana buɗe takardu, kuma ban tabbatar da abin da nake zato ba tukuna. Don Allah kada ki gaya masa ni ce na tambaya. In ya ji sunana zai rufe baki.

Ƴarki,
Raudatu

*

Damagaram, Zango

Zuwa ga Raudatu.

Sallama da gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba, ba rashin lafiya ba ne. Hajja da sauƙi. Haƙorin A'isha ya fito. An kai kawunki likita a nan gari, sun ce ƙashi ne ya tsufa, ya koma Tirmini yana zaginsu. Zafi ya yi tsanani, ruwan famfo sai da asuba.

Na karanta takardarki har na kusa haddace ta. Rabin farko na gane, kuma na ji daɗi. Kin iya bayani, kamar marigayi babanku. Rabin ƙarshe shi ya hana ni ɗaukar bik.

Ranar da Alhaji Alkasum ya aiko da ita, Zuliha na zaune a gidan tana taya ni tsintar shinkafa. Ta ce, “Wasila, mai kallonmu daga sama ce ta aiko?”

Na ce, “Ita ce. Ta ce in gaya miki wankin da kika shanya jiya bai fita ba.”

Ta yi dariya har da buga cinya. Sai kuma ta matso ta rage murya ta ce, “Ni dai ina gaya miki don zaman tare. Ɗan ƙanwata hoton kamyon, motar dakon mai, kawai ya ɗauka a tasha, don ya aika wa budurwarsa. Sai da uwarsa ta yi ta zarya jandarmeri da kwanon abinci kafin a sake shi. Kuma kin ji abin da mai unguwa ya ce.”

Na ji, don ina wurin. Ya ce duk wanda aka tambaya maganar sojoji, ko mai, ko hanyoyi, ya zo ya faɗa, ko da ɗan'uwansa ne ya tambaye shi. Ya ce masu neman labari ba su zuwa da kansu yanzu, ƴaƴanmu suke biya.

Raudatu, ki saurare ni. Manomi yana tambayar iska don ya san ruwa. Wannan na sani. Amma wa ke tambayar inda mai gadi yake kwana? Wa ke son sanin gabas ko yamma da gudron, da inda suke zama shan shayi? Ɓarawo ke tambayar wannan, ko mutanen nan masu zuwa a kan moto da bindiga. Ban ce ke ce ba, ni na goya ki. Cewa na yi, in amsar ta bar hannunki, hannun wa take shiga? Kin ce kuɗin daga waje yake. Wanda ya biya ai yana karantawa. Kuma kin ce kada in gaya wa yayanki. Tun kuna ƙanana, duk abin da ɗayanku ya ce kada in gaya wa ɗayan, ban taɓa samun alheri a cikinsa ba.

Har na lura kin fara rubuta “ofis” a bayan ambulan, inda muke cewa biro. Ban ce laifi ba ne. Na dai lura.

Tunda kin nace, ga amsa, kuma daga ita kada ki sake tambaya. Yayanki ba ya can. An maido shi gari, yana gadin wani depo kusa da tasha, a gida yake kwana. Wutar kuma kafin ya baro wurin an sake kunna ta, tana ci kamar da. Don haka gabas da yamma ba su shafe mu ba.

Ki kula da salla a kan lokaci. Ki rage zama a gaban na'ura, ido ba a sayensa.

Mahaifiyarki,
Wasila

*

Zango

Zuwa ga yayan Raudatu, a tashar bayan Dakusa.

Ina gaishe ka da aiki. Gida lafiya, ƴarka ta fara rarrafe da baya. Direban da ke kai muku ruwa zai ba ka wannan. In ka karanta ka yaga.

Ƙanwarka ta rubuto tana tambayar inda kake kwana da maganar wutar nan. Na ce mata an maido ka gari, kuma an kunna wutar. Na gaya wa Farida abin da za ta ce in ta kira ta. Kai ma in Allah ya haɗa ku, haka za ka ce. Na yi istigfari a kan ƙaryar, amma ban yi nadama ba. Duk wanda ke bayanta, ya nemi labarinsa a wani gida.

Kada ka riƙe ta a zuciya. Ina jin ba ta san abin da ake yi da ita ba. Karatu ya yi mata yawa, wayo bai kai ba.

Ka riƙa rufe kanka in rana ta take. Na aiko da ƙuli-ƙuli da sukari.

Mahaifiyarka

*

Kano

Zuwa ga Inna.

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, Hajja da Kawu Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji zafin wasu layuka a takardarki, ba zan ce ban ji ba. Amma da na kai ƙarshenta na ajiye ta na yi sujada. Tunda Yaya Mahamud ya bar wurin, komai kika ce mini na yafe, ke ma ki yafe mini ɓoye-ɓoyen da na yi. Yanzu zan faɗa miki a fili, in an buɗe a iyaka a buɗe, ba sunan kowa namu a wurin kuma.

Tun cikin azumi muke ganin wutsiyar metan a arewa da Damagaram, duk ranar da sama ta yi fes. Mun bi ta baya har wajen Dakusa, amma akwai tasha biyu a cikin ɗigon, ga kuma wani tabki da garken shanu, su ma suna fitar da ita kaɗan. Da kika rubuto cewa wutar ta mutu, sai na zargi tasharsu. Inna, wutar nan ba cuta ba ce. Ita ce ke ƙone gaz ɗin da ya yi yawa. In ta mutu ba a rufe bututun ba, gaz ɗin yana nan yana fita, ɗanye, ba wanda ke gani.

Ita metan ba ta da nauyi, sama take yi. Amma ba ita kaɗai take fitowa ba. Akwai ƴan'uwanta masu nauyi, irin na cikin butel, waɗanda in iska ta kwanta sai su gangara su taru a wuri mai zurfi kamar ruwa. Mutum na iya tsayawa a ciki bai sani ba. Ashana ɗaya ta isa. Shi ya sa na tambayi inda yake kwana da inda suke hura wuta. Na ce kada ki gaya masa ne don kada ya yi fushi ya ƙi amsawa, ko ya je ya yi magana a jawo masa tambayar wa ya gaya masa.

Akwai wani satelit da ke wucewa da duhu yana ganin wuta. Na duba, bai nuna wutar Dakusa ba. Amma yakan tsallake ƙananan wutatuwa, kuma ke kin ji daga bakin wanda ya gani da idonsa, don haka na ɗauki maganarki. Na gaya wa shugabanmu wani da na amince da shi ya tabbatar mini an kunna ta. Mun cire wurin daga cikin na gaggawa. Akwai satelit mai kaifin ido wanda sai an nemi layi ake samu, da mun sa shi ya duba Dakusa, yanzu mun mayar da shi wani wuri a kudu. In damina ta sauka gajimare zai rufe mana ido, sai bayan kaka za mu sake dubawa. Ba komai, tunda tana ci.

Ki gaishe da Yaya. Ki ce masa ko bai buɗe lambata ba, ina taya shi murnar kwana a gida.

Ƴarki,
Raudatu

*

Damagaram, Zango
Farkon watan Babbar Salla

Raudatu.

Sallama. Hajja lafiya, Farida da A'isha lafiya, kawunki yana nan yadda yake. Ni ce ba lafiya, kuma ba ciwon likita ba ne.

Takardarki ta daɗe a shagon Alhaji Alkasum. Ya kwanta zazzaɓi a Kano, yaransa suka sa ta a ƙarƙashin bandir ɗin atamfa suka manta. Sai makon jiya ta iso hannuna. Na karanta a tsaye, ban kai ƙarshe ba na zauna.

Yayanki yana can. Ba a maido shi ko'ina ba. Tashar yamma da gudron ce. Wutar ba a kunna ta ba. Abin da na rubuta miki a wancan karon ni na ƙirƙira, kuma in kika sake aiko wa uwa tambayar inda ɗanta yake kwana ba dalili, abin da za ki samu ke nan. Wannan magana ce ta wata rana, ni da ke. Yanzu ga abin da ke gabanmu.

Ban yarda da takardarki haka kawai ba. Na ce ƙila dabara ce ta sa in buɗe baki. Sai na ce wa Hajja zan je duba kawunki, na shiga motar Dakusa, daga can na hau kabu-kabu har bakin tashar. Ba su bar ni na shiga ba, amma daga ƙofa ana ganin dogon ƙarfen. Ba wuta a kansa. Na daɗe ina kallo da hannu a goshi, sai na ga iskar da ke bakinsa tana rawa, kamar yadda take yi a kan gudron da tsakar rana. Akwai kuma wani sauti siriri da ba ya yankewa. Su sun saba, ba su jin sa.

Yayanki ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, ransa a ɓace. Ya ce, “Inna, lafiya? Wani abu ya samu Hajja?”

Na ce, “Ina kuke hura wuta?”

Ya dube ni ya ce, “Wa ya aiko ki?”

Na ce, “Idona ya aiko ni. Ka ga bakin ƙarfen can?”

Ya ce, “Idonki, ko idon Kano? Ba ke kika ce in yaga takarda ba?”

Kafin in amsa sai ga shef ɗinsu, wani dattijo mai fara'a ana ce masa Mai Nasara. Ya ce, “A'a, yau uwarmu ce da kanta? Hajiya, kin yi sauri, naman bai nuna ba. Ki dawo ranar salla, haƙarƙari naki ne.” Ya ja ni ya nuna mini abin da yake alfahari da shi.

Raudatu, ba su da hutun salla bana. Sun haɗa kuɗi sun sayi raguna, za su yi layyarsu a can. Kin san yadda muke yi, ba irin suyar Kano a kasko ba. A feɗe rago a baje shi a kan sanduna a gicciye, a jera su a kewaye, a hura wuta a tsakiya mai tsayin mutum, ta yi ta ci daga hantsi har rana ta faɗi. Sun tara itace kusan cikin amalanke biyu. Kuma ina suka tara shi? A cikin kwarin da ke bayan shingen, don a can iska ba ta damun wuta. Shayinsu a kan tudu suke dafawa, wajen ƙofa, shi ya sa Allah ya tsare har yau. Mai Nasara ya ce, “Wurin nan Hajiya, ko ashana ka ƙyasta ba ta motsi.” Na ce Allah ya kai mu.

Na ja yayanki gefe na gaya masa abin da kika rubuta, ban nuna takardar ba. Ya ce, “Inna, in na je na ce wa shef gaz yana taruwa a kwari, zai ce injiniyoyi ba su sani ba sai kai gardi? In ya ce wa ya gaya maka, in ce ƙanwata ta gani daga sama a Kano? Ranar zan kwana a jandarmeri, ke ma a zo a ɗauke ki.” Na ce to ya yi ciwon ƙarya ya zo gida. Ya ce, “In bar Inusa da sauran su hura?” Inusa abokin gadinsa ne, matarsa na da ciki. Ni ma da na ga fuskokinsu na san ba zan iya cire nawa in bar na wasu ba.

Na so in kira ki daga bakin hanya. Na fito da tarhon na mayar. Sunan tashar nan ba zai fita daga bakina ya shiga waya ba.

Ga abin da nake so. Ki koma wurin shugabanku ki ce wanda kika amince da shi ya yi miki ƙarya, ki maido Dakusa cikin na gaggawa. Ku aika wa ma'aikatar a Yamai da faransanci, da tambarinku, ba sunan yayanki, ba nawa, ba Zango. Su su kira masu tashar. In magana ta sauko daga sama Mai Nasara zai bi, ba wanda zai tambayi gardi komai. Kuma ki rubuto mini nisan da ya kamata wuta ta yi da wurin, a irin ma'aunin da zan gane, kamar daga gidanmu zuwa ina. In kuma ba ki da tabbas, ki ce ba ki da tabbas, kada ki yi mini ado.

Har yanzu ban san wanda ke karanta aikinki bayan ke ba, kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Yau na ba shi gabas da yamma da hannuna. In sharri ya biyo ta nan, ni na buɗe ƙofa, Allah yana gani.

In ba abin da ya zo, na riga na yanke. Ranar jajibiri zan koma Dakusa da tabarmata da butata. Da an sauko daga idi zan shiga kwarin in hau kan itacen nan in zauna. Ba zan ce gaz ba, ba zan ce Kano ba. Su ce uwar gardi ta taɓu, a yi ta faɗa har Zango, zan ɗauka. Ba dai wanda zai ƙyasta ashana tsohuwa na zaune a kan itace.

Alhaji Alkasum ya warke ya dawo, gobe zai tashi zuwa Kano, ya ce zai juyo kafin hawan Arfa. Ya yi mini alkawarin wannan a aljihunsa za ta kwana. Ki ba shi amsa hannu da hannu, ta same ni kafin ranar Arfa, don ita ce jajibirin, kuma da sassafe motar Dakusa take tashi.

Mahaifiyarki,
Wasila